Yarda, Tarayyar Mallaka da Gazawa a Binciken Hoto Tare da Matasa

1.0 Gabatarwa

A darussan dabarun bincike da suka gabata an yi bayanin hanyoyin tattara bayanai da aka saba da su, wato hira da takardar tambayoyi da lura ta kai-tsaye da karance-karance a ɗakin karatu. Wannan darasi zai duba wata hanya da ɗalibai suka runguma hannu bibbiyu tun da wayar hannu mai kyamara ta wadata, ita ce amfani da hoto ko bidiyo wajen nazarin rayuwar al'umma. Da wuya a yau a buɗe kundin kammala karatu a kan wata sana'a ko biki ko wasa ba a ci karo da hotuna a ratayensa ba. Sai dai da za a tambayi mai kundin yadda ya sami izinin mutanen da ke cikin hotunan, da abin da ya alkawarta musu, da inda hotunan suke a yanzu, sau da yawa amsarsa ba za ta wuce "ai sun yarda" ba.

An taƙaita darasin a kan matasa, wato samari da 'yan mata da suka cika shekara 18 zuwa sama kaɗan, domin su ne ɗalibi ya fi saurin kai hannu gare su: abokan karatu da ƙanne da 'yan unguwa. Su ne kuma suka fi saurin amsawa, kuma su ne rayuwarsu ta fi saurin sauyawa bayan an ɗauki hoton. Abin da ake son ɗalibi ya fita da shi daga wannan darasi shi ne, yardar da ake nema a irin wannan bincike ba ta ƙarewa ranar da aka sa hannu a takarda, kuma ba a gane gaskiyar tarayyar da mai bincike ya ce yana yi da matasa sai ranar da ɗayansu ya ce ya fasa.

1.1 Ma'ana da Asalin Bincike da Hoto

Bincike da hoto shi ne duk wani nazari da ya ɗauki hoto ko zane ko bidiyo a matsayin madogarar bayani, ba ado na cike shafi kawai ba. Wani lokaci mai bincike ne ke ɗaukar hoton da kansa. Wani lokaci kuma yakan ajiye hoto gaban wanda yake hira da shi don ya tsokano zance, dabarar da wani Ba'amurke mai suna John Collier ya yi rubutu a kanta a shekarar 1957. Hanya ta uku, wadda ta fi shafar darasinmu, ita ce a miƙa wa mutanen da ake nazari kyamara su ɗauki abin da su suka ga ya cancanci a gani.

A shekarar 1966 wasu masana biyu, Sol Worth da John Adair, suka je wani ƙauye na ƙabilar Nabaho a jihar Arizona ta Amurka, suka koya wa wasu 'yan ƙabilar, akasarinsu matasa, yadda ake sarrafa kyamarar fim, suka bar su su ɗauki abin da suke so. Abubuwa biyu daga wannan aiki sun cancanci a tuna da su. Na farko, kafin a fara, wani dattijo mai maganin gargajiya da ake kira Sam Yazzie ya nemi sanin ko yin fim zai cutar da tumakinsu. Aka ce masa ba zai cutar ba. Ya sake neman sanin ko zai amfani tumakin. Aka ce nan ma babu. Sai ya nemi a gaya masa, to, don me za a yi shi. Na biyu, masanan sun lura cewa matasan suna kauce wa matso da kyamara kusa da fuskar mutum, domin a al'adarsu zuba wa mutum ido rashin ladabi ne. Bahaushen da ya san kunya da kara ba zai yi mamakin wannan ba.

Daga baya, a shekarar 1992, Caroline Wang da Mary Ann Burris suka raba wa mata 62 kyamarori a karkarar lardin Yunan na ƙasar Sin, don su nuna halin da suke ciki na aiki da lafiya. Matan suka ɗauki hotuna, suka zauna suka tattauna a kansu, aka kuma baje su gaban mahukunta. Daga cikin abin da hotunan suka fito da shi fili akwai yadda ake kwantar da jarirai a gona yayin da iyayensu mata ke aiki, wanda ya taimaka wajen jawo hankali ga buƙatar wuraren reno. Wannan dabara ce aka raɗa wa suna mai ma'anar "muryar hoto", kuma ta bazu a duniya, musamman a ayyukan da suka shafi matasa.

1.2 Yarda

Ƙa'idar neman yarda a bincike daga fagen likitanci ta samo asali. Bayan shari'ar likitocin Jamus da suka yi gwaje-gwaje a kan fursunoni a Yaƙin Duniya na Biyu, an fitar da ƙa'idojin Nuremberg a 1947, waɗanda suka sanya yardar mutum bisa raɗin kansa a sahun farko. Sanarwar Helsinki ta biyo baya a 1964. Mu ma nan ba baƙin wannan magana ba ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano, inda 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuwa ya ce an sami amincewarsu da baki. An daɗe ana shari'a kafin a yi sulhu da gwamnatin jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. A 2007 ne Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa.

Wani zai ce ai hoto ba allura ba ne. Gaskiya ne, ba ya shiga jini, amma yana shiga mutunci, kuma wanda aka taɓa wa mutunci ba shi da asibitin zuwa.

Yarda ba ta cika sai mutum ya san abin da ake nema gare shi, ya sami zaɓi na gaskiya tsakanin amsawa da ƙi, kuma yana da damar janyewa. Sharaɗi na biyu ne ya fi ba da wahala a tsakanin Hausawa, saboda wata 'yar ƙaramar kalma, wato "to". Ɗalibin Hausa ya fi kowa sanin cewa wannan kalma tana da fuskoki da yawa. Akwai "to" ta amincewa, akwai ta "na ji", akwai ta "ya zan yi", akwai kuma wadda ake faɗa don a rabu lafiya. Idan yaya ya ce wa ƙanwarsa zai ɗauki hotonta don aikin makaranta, ko malami ya shiga aji ya ce yana neman masu sa kai, "to" ɗin da za a ba shi ba ta auna komai ba sai girmansa. Tarbiyyar da ta koya wa yaro kada ya musa wa na gaba ita ce take hana mai bincike sanin abin da ke ran yaron. Don haka wajibi ne a buɗe wa matashi ƙofar ƙi wadda ba za ta ja masa jin nauyi ba. Ana iya ba shi kwana biyu ya yi shawara, a ce idan yana so shi ne zai nemi mai binciken. Ana iya sa wani tsaransa ya yi masa bayani a bayan idon malami. Wanda bai dawo ba, ko ya yi ta "sai gobe", ya riga ya ba da amsa, kuma ba daidai ba ne a bi shi gida.

Haka nan kyauta tana iya ɗaure baki. Kuɗin mota da na katin waya da abin sha haƙƙi ne na wanda ya ba da lokacinsa. Amma idan abin da aka bayar ya kai yadda saurayin da ba shi da aikin yi ba zai iya kau da kai ba, to an sayi yardar ke nan, kuma shi ma zai ji cewa tun da ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Akwai kuma matsalar shekaru. A doka, wanda ya cika 18 ya mallaki hankalin kansa, yana iya sa hannu ba tare da waliyyi ba. A gida kuwa budurwa 'yar shekara 20 tana ƙarƙashin mahaifinta, matar aure kuma tana da miji da dangin miji. Ɗalibai kan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu a nan. Wasu sukan je wurin maigida su nemi izini, da zarar ya amince sai su ɗauka magana ta ƙare, alhali ita mai fuskar ba a tambaye ta ba. Wasu kuma sukan riƙe doka su ce ai ta girma, su ɗauki hoto, su bar ta da rigimar da za ta biyo baya. A ra'ayin mai wannan rubutu, ita ake fara tambaya, ita kaɗai. Idan ta ƙi, amincewar uba ba ta gyara komai. Idan ta amince, sai a tambaye ta wa take ganin ya kamata ya sani a gida, kuma ta wace hanya. Ita ta san gidansu. A tuna kuma akwai waɗanda ba sa son a ɗauke su hoto saboda fahimtarsu ta addini, kuma ba aikin mai bincike ba ne ya tsaya jayayya da su.

Idan matasa ne ke riƙe da kyamara, sai yardar ta ƙara rassa. Wang da abokiyar aikinta Yanique Redwood-Jones, a rubutunsu na 2001 kan wani aiki da aka yi a garin Flint na Amurka, sun nuna cewa izini iri uku ake buƙata: na wanda zai shiga aikin ya ɗauki hoto, da na mutumin da za a ɗauka, da kuma izinin mai hoton kafin a buga ko a baje shi. Na tsakiyar ne ɗalibai suka fi mantawa. Saurayin da aka ce ya ɗauko hoton rayuwar unguwarsu zai dawo da hoton mahaifiyarsa tana tuwo, da na maƙwabci yana barci a tabarma, da na almajirai a ƙofar gida. Babu ɗayansu da ya yi alkawari da mai bincike. An ɗora wa saurayin nauyin neman izinin da ko mai binciken kansa yake jin nauyin nema, kuma in rigima ta tashi shi ne zai kwana a unguwar.

Ba dole ne yarda ta zama a rubuce ba. Mutane da yawa suna tsoron sa hannu ko dangwala yatsa a takardar da ba su san inda za ta ba, kuma suna da hujja. Ana iya naɗar muryar mutum yana faɗar abin da ya fahimta da abin da ya amince da shi. In kuwa za a rubuta, a rubuta da Hausa mai sauƙi, da boko ko da ajami, gwargwadon wanda mutumin ya fi iya karantawa.

Wani abin da ya bambanta hoto da hira shi ne wuyar ɓoye mai shi. A hira ana sauya suna a ce "wata budurwa", shi ke nan. A hoto kuwa ko an dusashe fuska, zanen da ta ɗaura da ƙofar gidansu da bishiyar da ke bayanta sun isa 'yan unguwa su gane ta. Kada ɗalibi ya yi alkawarin sirrin da ba zai iya cikawa ba. Akasin haka ma yana faruwa: matashi mai ɗinkin hula ko mai zanen bango yana iya cewa shi sunansa da fuskarsa yake so a sa, domin aikinsa ne. Rufe fuskar irin wannan da sunan kare shi tauye masa haƙƙi ne.

Babbar matsalar dai ita ce lokaci. Mai sa hannu yana tunanin kundi guda da za a ajiye a kantar sashe ƙura ta rufe shi. Amma hoton da aka ɗauka da waya yana nan a wayar, yana kwamfutar mai buga kundi a bakin kasuwa, yana iya shiga WhatsApp ko Facebook da taɓawa ɗaya. Mutanen Kano ba su manta da 2007 ba, lokacin da wani bidiyon sirri da aka ɗauka da waya ya bazu daga hannu zuwa hannu, ya girgiza masana'antar fim ta Hausa har aka dakatar da ɗaukar fina-finai na wasu watanni. Wancan ba bincike ba ne, amma hanyar bazuwar ɗaya ce. Shi kuma matashi ba tsaye yake wuri ɗaya ba. Wanda ya yarda a ɗauke shi a fagen dambe ko a majalisar shayi yana ɗan shekara 19, bayan shekara biyar yana iya zama mai neman aure ko mai neman aikin ɗamara ko limamin unguwa. Saboda haka ake komawa a sake tambaya a kowace gaɓa: kafin ɗauka, da bayan ya ga hoton da idonsa, da kafin a ɗinke kundi, da duk lokacin da za a kai hoton wani sabon wuri.

1.3 Tarayyar Mallaka

Hoton na wane ne? A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta a 2022, wanda ya ɗauki hoto shi ne mawallafinsa. Ke nan idan matashi ne ya danna kyamara, haƙƙin nasa ne ko da wayar ta mai bincike ce, sai in an yi wata yarjejeniya ta daban. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ba mutum damar janye amincewar da ya bayar a kan bayanan da suka shafe shi. Amma doka ba ta warware komai da komai ba, domin wanda ke cikin hoto yana iya tashi a tutar babu. Shahararren hoton nan da Dorothea Lange ta ɗauka a jihar Kalifoniya a 1936, na wata uwa mai fama da talauci da 'ya'yanta jingine a kafaɗunta, ya zama alamar matsin tattalin arzikin Amurka na wancan zamani. Lange ba ta tambayi sunan matar ba. Sai a 1978 duniya ta san cewa sunanta Florence Owens Thompson, ta kuma koka cewa fuskarta ta zaga ko'ina amma ko sisi ba ta samu ba. Hoton mallakar gwamnati ne, domin ita Lange ta yi wa aiki.

Wanda ya fi yin suna wajen ƙoƙarin raba mallaka da mutanen da yake ɗauka shi ne Jean Rouch, Bafaranshen da ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanya, ya koma nazarin al'umma da shirya fim, ya kuma rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. Ya ɗauki fim a kan yadda Sarkawan kogin Kwara ke farautar dorina, ya haɗa shi a Faransa, ya sa masa kiɗa. A 1954 ya koma garin Ayoru ya haska wa masuntan. Suka ce kiɗan nan kuskure ne: farautar dorina shiru take so, kiɗa kuwa ƙarfin zuciya zai ƙara mata. Rouch ya cire kiɗan. Abin lura a nan shi ne gyaran ya taɓa aikin da ya riga ya gama, kuma ya karɓa. Daga wannan zama ne shawarar wani fim ɗin ta fito, wato Jaguar, labarin samari uku da suka tafi ci-rani ƙasar da ake kira Gana a yau. Damure Zika da Lam Ibrahim Diya da Illo Gaudel ne suka fito a ciki, su ne kuma suka ƙago maganganun da ake ji a fim ɗin. Rouch ya kira wannan salo nazarin al'umma na tarayya.

To amma tarayyar tana da iyaka. A fim ɗinsa na 1958, Moi, un noir, wanda aka ɗauka a unguwar Tireshbil ta Abijan, wani saurayi ɗan Nijar mai suna Umaru Ganda, wanda ya yi aikin soja a yaƙin da Faransa ta yi a yankin Biyetnam sannan ya koma dako a tashar jiragen ruwa, shi ne ya ba da rayuwarsa da muryarsa. Fim ɗin ya ci babbar kyauta a Faransa, kuma da sunan Rouch aka san shi. Ganda bai sami cikakken iko da labarinsa ba sai da ya riƙi kyamara da kansa, ya shirya Cabascabo a kan tsohon sojan da ya dawo gida, sannan a 1972 wani fim ɗinsa ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu. Shi kuwa Usman Sembene na Sanagal, a wata tattaunawa da suka yi a 1965, ya zargi Rouch da ire-irensa da kallon 'yan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari. Ko mutum ya yarda da zargin ko bai yarda ba, ya nuna cewa kyakkyawar niyya ba ta share bambancin da ke tsakanin mai kyamara da kuɗi da hanyar Faris, da wanda ba shi da su.

Ɗalibi ma haka yake a ƙaramin matsayinsa. Shi zai sami maki da takardar shaida, sunansa ne a bangon kundi. Faɗar "aikinmu ne gaba ɗaya" ba ta sauya wannan, gara a faɗi gaskiya tun farko, sannan a zauna a yanke abubuwan da za a iya rabawa. Wa zai zaɓi hotunan da za su shiga? Wa zai rubuta bayanin da ke ƙasan kowane hoto? Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne, domin hoton saurayi zaune a bakin titi yana iya ɗaukar "zaman kashe wando" ko "jiran fasinja", kuma wanda ya rubuta layin shi ya yanke masa hukunci. Sunan wa za a sa a matsayin mai ɗauka? Wa zai riƙe ainihin hotunan, kuma yaushe za a goge waɗanda ba a yi amfani da su ba? Idan wata jarida ko ƙungiya ta nemi hoton da kuɗi, wa za a tambaya? Mafi ƙarancin abin da ake bin ɗalibi shi ne ya wanke hotuna ya kai wa masu su, ya kuma nuna musu shafukan da suka fito a ciki kafin ya miƙa.

1.4 Gazawa

Mu ƙaddara wata ɗaliba tana nazarin ƙunshi da kitso a tsakanin 'yan matan unguwarsu. Ta sami takwas da suka amince, ta roƙe su su ɗauki hotunan kwalliyarsu na tsawon wata guda. Biyu ba su ɗauki komai ba. Ɗaya wayarta ta lalace. Uku sun kawo hotunan kansu cikin gayu, sun gyara fuska da manhajar waya har ba a gane su, kitson da ake nema kuwa yana ƙarƙashin ɗankwali. Biyu ne kawai suka kawo abin da take so, ɗaya daga cikinsu ma hotunanta sun fi na kowa kyau, a kansu aka gina babi na huɗu. Saura mako guda a miƙa kundi sai ga wannan yarinya ta zo da yamma.

"Yaya, don Allah hotunan nan nawa a cire su. An kawo kuɗin gaisuwata, kuma kin san kaina a buɗe yake a ciki."

"Haba ƙanwata, ai malamai ne kawai za su gani."

Amsar ɗalibar ita ce wadda yawancinmu za mu bayar, kuma ba gaskiya ba ce, domin ba ta da iko da wanda zai buɗe kundi. Abin da ya wajaba shi ne ta cire hotunan, ta goge su a wayarta da wurin mai bugawa, ta sanar da malamin da ke duba ta. Za ta iya neman izinin yarinyar ta siffanta kitson da kalmomi, ko a zana shi da hannu ba tare da fuska ba. Babin zai rage armashi, makin ma yana iya raguwa. Wannan asara ita ce farashin alkawarin da ta ɗauka ranar farko, kuma malamin da ya san aikinsa bai kamata ya hukunta ta a kai ba.

Sauran shidan kuma ba asara ba ne kamar yadda ta zata. Waɗanda suka ƙi ɗauka sun nuna cewa "to" ɗinsu ta kara ce. Waɗanda suka rufe kai suka gyara fuska sun amsa wata tambaya da ta fi tata muhimmanci a wurinsu, wato yadda budurwa take so a gan ta, da iyakar abin da ido baƙo zai gani na adonta. Wannan ilimi ne game da al'ada, kuma yana da gurbi a kundin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a share duk wannan, a rubuta cewa an raba aiki ga mutum takwas kuma an sami haɗin kai, ko ma a ɗebo hotuna daga intanet a cike giɓi. Wannan ƙarya ce, kuma tana sa ɗalibin baɗi ya faɗa ramin da na bana ya faɗa.

Akwai gazawar da ta fi wannan nauyi, wadda take zuwa ko da an cika kowane sharaɗi. A 1954, a kusa da birnin Akara, Rouch ya ɗauki bikin shekara na 'yan Hauka, wata ƙungiyar masu bori da akasarinsu 'yan ci-rani ne daga Nijar, waɗanda iskokinsu ke kwaikwayon gwamna da hafsoshin Turawan mulki. Shugabannin ƙungiyar ne da kansu suka gayyace shi. Amma da aka haska fim ɗin, Les Maîtres fous, a gidan tarihi na Faris, aka ga mutane suna kumfar baki suna cin naman kare, sai ɗaliban Afirka da ke wurin suka fusata, suna ganin zai ƙarfafa wa Turawa raina baƙar fata. Malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata fim ɗin, hukumomin Ingila kuma suka hana nuna shi a yankunan da suke mulka. Waɗanda ke cikin fim ɗin sun yarda, waɗanda za a yi wa kuɗin goro da su ba a tambaye su ba. Ɗalibin da zai ɗauki 'yan shaye-shaye ko 'yan daba na wata unguwa ya tuna da wannan: hoton samari biyar yana iya zama sunan unguwa gaba ɗaya.

Rouch ya nuna wata hanya ta fuskantar gazawa a fim ɗin da suka yi da Edgar Morin a Faris, wanda ya fito a 1961. Kusa da ƙarshe sun tara waɗanda suka fito a ciki, akasarinsu matasa, suka haska musu abin da aka ɗauka. Sai gardama ta kaure, wasu na cewa wane wasan kwaikwayo ya yi, wasu na cewa wance ta tona cikinta fiye da kima. Masu fim ɗin ba su yanke wannan wuri ba, suka bar shi a ciki, har da tattaunawarsu su biyu a kan abin da bai tafi yadda suka so ba. A kundin ɗalibi, gurbin irin wannan bayani shi ne babin hanyoyin bincike: mutum nawa aka tuntuɓa, nawa suka ƙi, nawa suka janye kuma a wace gaɓa, me aka nema, me aka samu a maimakonsa. A kula kawai kada bayanin janyewar ya zama wata hanyar tona wanda ya janye. Ba a faɗar dalilinsa sai da izininsa, kuma ba dole ne ya ba da dalili ba tun asali.

1.5 Jinga

1. Rubuta bayanin neman yarda da Hausa, wanda bai wuce shafi ɗaya ba, don binciken hoto a kan 'yan dambe ko masu ɗinkin hula. Karanta wa wani da bai yi karatun boko ba, ka nemi ya maimaita maka abin da ya fahimta, sannan ka rubuta wuraren da bai gane ba.

2. Kawo yanayi huɗu da Bahaushe kan ce "to" ba tare da ya amince ba, ka bayyana alamun da mai bincike zai gane kowanne da su.

3. A misalin ɗaliba mai nazarin ƙunshi da kitso, a ɗauka an riga an ɗinke kundi an miƙa wa sashe kafin yarinyar ta zo. Me ya rage ɗalibar ta yi, kuma wa za ta fara tunkara?